Zauren Fasaha: Na Buɗe Shafi, Google Bai San da Zamana Ba

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk kuka ɗaya suke yi, shi ya sa na tsamo huɗu daga ciki na haɗa su wuri guda. Daga shagona na titin Bauchi nake rubutun nan, rigar sanyi biyu a jikina, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Wanda ya san Jos a watan Janairu ya san abin da nake faɗi. In kun ci karo da kuskure, ku ɗora wa hunturu.

TAMBAYA: Malam, ni dillalin dankalin turawa ne a kasuwar Farin Gada. Yarona da ke jami'a ya matsa mini sai an buɗe mana shafin intanet, wai 'yan Legas da Fatakwal za su riƙa nemanmu da kansu. An buɗe, na biya, yau wata huɗu ke nan ko kira ɗaya ban samu ta dalilinsa ba. In na rubuta sunan shagon a Google ma ba ya fitowa. Cuta ta aka yi, ko haka abin yake? Daga wani Alhaji, Farin Gada.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kafin ku kama yaron nan da faɗa, ku ba ni aron kunnenku, don shawararsa ba ta banza ba ce, aikin ne aka tsaya a rabi.

Buɗe shafi daban, Google ya san da shi daban. Kamfanin yana da wata manhaja mai suna Googlebot da ke yawo dare da rana, tana bin mahaɗi, wato rubutun da in an latsa yake kai mutum wani shafi, daga wannan shafi zuwa wancan, kamar mai yankar rasit da ke bin kasuwa rumfa-rumfa. Abin da ta gani sai a shigar da shi kundi. Lokacin da mutum ya rubuta abin da yake nema, ba duniya Google ke fita zagayawa ba, kundin nan yake buɗewa ya zaɓo. Shafin da bai shiga kundi ba, ko da zinare aka gina shi, babu mai ganinsa.

Ba ku aiko mini da adireshin ba, to ga yadda za ku duba da kanku. A wurin bincike na Google ku rubuta site: sai ku manna adireshin shafin a jikinsa, kada ku bar tazara. In an jero muku shafukanku, kun shiga kundi. In aka ce ba a samu komai ba, to nan gizo ke saƙar.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekarun baya na gina wa wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi shafi da WordPress, wata manhajar gina shafuka. Akwai wani ɗan akwati a cikin saitunansa, ƙarƙashin sashen Reading, wanda in ka yi masa alama yake roƙon injinan bincike su kauce wa shafin. Mu masu ginin muna yi masa alama lokacin da muke aiki, don kada a ga gida ba a gama shafe ba. Na gama, na karɓi cikon kuɗina, na manta ban cire alamar ba. Mako bakwai baiwar Allah nan tana kirana, ni kuwa ina ce mata ta yi haƙuri, Google ba ya gaggawa. Ran da na gano, ina zaune ne wajen mai shayi da kwamfuta a cinyata, sai da shayin ya huce ban kurɓa ba. Na je har gida na faɗa mata gaskiya, ta dube ni ta ce, “Wato ka gina mini shago ka kulle, ka tafi da makulli a aljihu.” Ba ni da ta cewa. Don haka abu na farko, in da WordPress aka gina naku, yaronku ya duba akwatin nan.

Na biyu, ya yi wa shafin rajista a Google Search Console. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Zai tabbatar musu shi ne mai shafin, ya miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin duk ɗakunan da ke cikinsa, sannan ya nemi a zo a duba. Yakan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci 'yan makonni. A nan ne kuma za ku riƙa ganin kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuna musu ku, da sau nawa aka nuna, da sau nawa aka latsa.

Amma Alhaji, ko an gyara duk wannan, babbar maganar tana gaba. Kun ce kuna rubuta sunan shagonku. Wa ya san sunan in ba ku da yaranku da tsofaffin abokan cinikinku ba? Su kuwa suna da lambarku, ba sa buƙatar Google. Wanda kuke farauta shi ne mutumin kasuwar Mile 12 a Legas, ko mai kula da kicin ɗin wani otal a Abuja, wanda bai taɓa jin sunanku ba. Shi abin da zai rubuta shi ne kamar “Irish potato wholesale Jos”. In waɗannan kalmomi ba sa cikin shafinku, ta ina za a haɗa ku?

Ba na ganin gaibu, amma na buɗe irin shafukan nan da yawa. Kan shafin an rubuta “Home”, ƙasansa “Barka da zuwa”, sai hoton dankali mai sheƙi da aka ɗauko daga gonar Turawa, sai dogon bayani kan gaskiya da riƙon amana. Babu farashi, babu girman buhu, lambar waya tana can ƙasa sai an tona. Ku zauna da yaron, ku tuno tambayoyin da baƙon ɗan kasuwa ke yi muku a waya kafin ya turo kuɗi. Na Bokkos ne ko na Mangu? Nicola ne ko Marabel? Na damina ne ko na rani? Buhu nawa ke cika mota, kwana nawa take yi zuwa Fatakwal, wa ke biyan lodi, in ya ruɓe a hanya asarar wa? Kowace tambaya ku amsa ta a rubuce, da Turanci mai sauƙi tunda su kuke nema, ku sa taken shafin ya faɗi kaya da gari. Farashi kuwa ku riƙa rubuta kwanan wata a gefensa, don kun fi ni sanin yadda yake tashi da sauka. Hotuna a ɗauka da waya a rumfarku, da ƙurar da komai.

Sai kuma ku buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne. Shi ke sa shago ya fito a taswira da lambar waya da lokacin buɗewa. Ga ɗan kasuwa irinku, wani lokaci wannan ya fi shafin kansa jawo kira. Duk wanda kuka yi ciniki da shi ya ji daɗi, ku roƙe shi ya rubuta layi biyu na shaida a wurin.

TAMBAYA: Yaya, ina rubuta girke-girke da Hausa a shafina, yawanci abincinmu na nan Filato. Ƙawayena sun ce in koma Turanci, wai masu Hausa ba sa bincike a Google, Facebook da TikTok kawai suka sani. Kuma ina wahalar da kaina wajen sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, wata ta ce shi ke hana a same ni. Me zan yi? Daga ƙanwarka, Rikkos.

AMSA: Ƙanwata, ki gaishe mini da ƙawayenki, amma kada ki koma.

Ki yi wannan gwajin yau da dare. Ki rubuta “yadda ake” a Google ki dakata, kada ki latsa komai. Za ki ga ya jero miki ƙarashen jimla: yadda ake kaza, yadda ake kaza. Wannan jerin ba daga kansa ya ƙirƙiro shi ba, daga abin da mutane ke rubutawa yake tsamowa. To su wa ke rubuta “yadda ake” in ba masu Hausa ba? Amarya ce a Zariya da aka ce mata miji na son gwate, ɗalibi ne a Sudan da ya yi kewar tuwo. Suna nan, suna nema, abin da suke samu ne bai taka kara ya karya ba.

Nan ribarki take. In kika rubuta yadda ake soya shinkafa da Turanci, kin shiga layi bayan manyan gidajen jaridun Amurka da Ingila da dubban mata 'yan Legas da suka riga ki da shekaru. In kika rubuta yadda ake gwaten acca da Hausa, da yakuwa da gauta da ƙashi kamar yadda ake yi a gidanku, mutum nawa ne a gabanki? Ki ƙirga da yatsu. Mai sayar da ruwa inda babu rijiya ba ya buƙatar ɗaga murya.

Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne taken rubutu. Na sha ganin mata masu hannu a girki suna sa take irin “Abincin da maigida ba zai manta ba”. A Facebook wannan yana jan ido. A Google kuwa babu mai rubuta shi. Ki kira abinci da sunansa: “Yadda ake gwaten acca”. In abu yana da suna biyu, ki ambaci duka a cikin bayani. Abin da mu nan muke kira gwate, Bakano zai fi gane shi da fate, sai ki faɗi haka a layin farko yadda za ki faɗa wa baƙuwa a kicin. Kin ga kin kama masu nema ta ƙofa biyu ba tare da kin cusa kalma inda ba ta dace ba. Ina faɗin haka ne don akwai masu maimaita kalma ɗaya sau ashirin a sakin layi, suna tsammani dabara ce. Ta daɗe da mutuwa. Har akwai wani ɓoyayyen wuri a bayan shafi da ake jera kalmomi a da, tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba shi wajen jera sakamako.

Maganar ƙugiya kuwa, gaskiya ne yawancin mutane ba sa sa ta in suna rubutu a waya, ko da yake Gboard, manhajar rubutu a waya ta Google, yana da allon Hausa. Amma kada wannan ya sa ki ɓata rubutunki, ƙosai ya ci gaba da zama ƙosai. Abin da nake yi wa nawa abokan hulɗa shi ne, a adireshin kowane rubutu nakan bar haruffa ba ƙugiya, don ya yi sauƙin turawa a WhatsApp bai rikiɗe ya koma tarkacen alamomi ba, jikin rubutun kuma a yi shi da cikakkiyar ƙa'ida. Bayan wata biyu ki buɗe Search Console ki ga da wace siffa aka fi zuwa miki. Gani ya kori ji.

Saura abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Hotunan abinci suna da nauyi. Waya ta zamani takan ɗauki hoto mai megabait huɗu ko biyar, ki jera goma a rubutu ɗaya, mai karatu a Toro da sabis sanda biyu ta buɗe, ta jira, ta ga datarta na zuba, ta fita. Ki riƙa rage girmansu kafin ki ɗora. Google ma yanzu da idon waya yake duba shafi, ba da idon kwamfuta ba, don haka duk abin da kika wallafa ki buɗe shi a ƙaramar waya ki gani, ba a wayfai ba, a datar da kika saya da kuɗinki.

TAMBAYA: Oga, ina gyara da sayar da waya, kuma ina da shafi. Wani ya same ni a WhatsApp ya ce in ba shi naira 60,000 zai sa shafina ya zama na ɗaya a Google cikin kwana bakwai, zai haɗa mini mahaɗi 5,000 daga ƙasashen waje. Ya turo mini hotunan aikin da ya yi wa wasu. In tura? Daga wani matashi, Dilimi.

AMSA: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Kai da kake Dilimi, in wani ya zo ya ce zai sayar maka da sabuwar iPhone a kwali kan kuɗin ƙaramar Tecno, me za ka ce masa?

Maganar mahaɗi tana da asali, shi ya sa take shiga kunne. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google a 1998, suna ɗalibai a jami'ar Stanford suka fito da dabarar da suka kira PageRank. Ma'anarta a taƙaice, in wani shafi ya sa mahaɗi zuwa naka, kamar ya tsaya maka shaida ne, kuma shaidar mai mutunci ta fi ta ɗan tasha nauyi. Da mutane suka gane haka sai aka buɗe kasuwar shaidar zur, ana gina dubban shafukan bogi ba don kowa ya karanta ba sai don a sayar da mahaɗi. A 2012 Google ya fito da wani gyara da aka sa wa suna Penguin don maganin wannan, shafuka da yawa suka wayi gari sun ɓace daga inda suke. Har yau sayen mahaɗi don hawa sama laifi ne a dokokinsu. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne a yi watsi da mahaɗan, kuɗinka ya tafi a banza. Mafi muni, a hukunta shafin, ka koma biyan wani ya share maka abin da ka biya aka zuba. Ka yi tunani ma, me ya haɗa shafin caca na Rasha da mai gyaran waya a Jos har zai tsaya masa shaida?

Google da bakinsa ya rubuta cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya. Masu wannan alkawari dabara biyu suke yi. Ko su zaɓi jimlar da babu mai nemanta, kamar cikakken sunan shagonka haɗe da lambar rumfa, su ce ka gani, ka zama na ɗaya. Ko su ɗauki kaɗan daga kuɗinka su saya maka talla ta mako guda, ka ga kanka a sama ka yi murna, ba ka lura da ɗan rubutun da ke nuna talla ce ba. Ranar da kuɗin ya ƙare ka sauka. Ita tallar Google Ads halas ce, kuma tana aiki in an iya ta, amma a kira ta da sunanta.

In kana son mahaɗi na gaske, ka dubi kusa da kai. Ƙungiyarku ta 'yan kasuwa in tana da shafi, makarantar koyon sana'a da kake karɓar yaranta, ɗan jaridar da ya zo neman bayani kan tsadar waya ka ba shi amsa mai kyau. Uku irin waɗannan sun fi dubu biyar ɗin can. Sannan ka rubuta abin da kai kaɗai ka sani: yadda ake gane sikirin na asali da jabu, abin da mutum zai yi cikin minti goman farko in wayarsa ta faɗa ruwa, dalilin da batir ke kumbura. Tambayoyin da ake yi maka sau biyar kullum a bakin teburinka, su ake rubutawa a Google da dare.

Hotunan shaidar da ya turo maka kuwa, kai ma ka san minti nawa ake ɗauka a haɗa irinsu.

TAMBAYA: Malam, an ce yawan rubutu ke kawo baƙi. Ina tunanin in sa ChatGPT ya rubuta mini maƙala 100 kan ilimi in zuba a shafin makarantarmu. Ya ka gani? Daga wani malamin Islamiyya, Unguwar Rogo.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ban goyi baya ba. A watan Maris na 2024 Google ya ƙara wata doka a kan masu zuba rubutu buhu-buhu don kawai su hau sama, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Ba amfani da na'urar ne laifi ba, ni ma ina sa ta ta duba mini tsari. Amma maƙala ɗari kan “muhimmancin ilimi” babu abin da za su faɗa wanda ba a faɗa ba, kuma irin wannan bayani na gama-gari yanzu Google kan taƙaita shi da kansa a saman sakamako, mai nema ya karanta ya wuce bai shiga shafin kowa ba. Ga kuma Hausar da na'urar ke yi, wadda sau da yawa Turanci ce sanye da babbar riga. In aka zo kan aya ko hadisi abin ya fi haka haɗari, don takan kawo nassi da lamba da gaba gaɗi alhali ba haka yake ba, kuma sunan makarantarku ne a sama.

Uban da ke neman makaranta a Jos ta Arewa abin da yake son sani kaɗan ne. Yaushe ake ɗaukar sababbin ɗalibai, nawa ne kuɗin zango, akwai ajin hadda, akwai na matan aure da yamma, ana haɗawa da boko, ta wane layi ake shiga in an sauka daga Keke. Ku rubuta waɗannan a shafi biyar ko shida da hannunku, ku sa hoton ƙofar makarantar yadda baƙo zai gane ta, da lambar da in an kira za a ɗauka. Duk farkon zango a sabunta kwanakin, don na taɓa buɗe shafin wata makaranta na tarar har yanzu tana sanar da ɗaukar ɗalibai na shekara uku da suka wuce.